Fitilun da muka gani a sama, jirgin wata duniya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga unguwar Zango nake, a nan Damagaram. Kwanaki muna fada muna shan shayi wajen isha'i, sai muka ga fitilu sun jeru a sama suna tafiya a layi, ba ƙara, har suka ɓace ta gabas. Abokinmu ya ce jirgin halittun wata duniya ne. Hujjarsa ita ce ba wanda ya iya faɗin ko mene ne, dubban mutane sun sha ganin irinsa, Amurka ma ta amsa akwai abin da ta kasa ganewa, har akwai waɗanda aka sace aka maido. Me za mu ce masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yadda ka kwatanta abin ya yi daidai da taurarin ɗan'adam na Starlink, waɗanda kamfanin SpaceX ya fara harbawa da yawa a 2019. In an harba sababbi, sukan yi kwanaki a jere kamar carbi kafin su watse. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne ke dukansu can sama bayan ta faɗi a wurinmu. Ɓacewarsu ta gabas kuwa shiga inuwar duniya suka yi.

Amma ko da ban san wannan ba, maganar abokinku ba za ta tsaya ba, kuma nan nake so mu daɗe. Ya ce ba wanda ya san abin, saboda haka jirgin baƙi ne daga wata duniya. Dubi tsallen da ya yi: ya tashi daga "ban sani ba" ya dira a kan "na sani". In akuyarka ta ɓace da dare ba ka ga sawu ba, rashin sawun bai nuna kura ce ta ɗauka ba, bai nuna ɓarawo ba ne. Abin da ke hannunka kawai shi ne akuya ba ta nan. Rundunar sojin saman Amurka ta yi wani bincike mai suna Blue Book har zuwa 1969, ta tara rahoto 12,618, an bar 701 ba a gano su ba. Masu wannan ra'ayi sukan riƙe 701 ɗin kamar shaida. Alhali abin da ya hana gano da yawa daga irin waɗannan shi ne ƙarancin bayani: ba hoto mai kyau, ba a san nisa ba, ba a san girma ba. Haka rahoton gwamnatin Amurka na 2021 da abokinku yake nufi: abubuwa 144, an tabbatar da ɗaya cewa balan-balan ce, sauran aka ce bayanan ba su isa a yanke hukunci ba. Ba a ce na wata duniya ba ne.

Batun yawan masu gani kuma, yawa ba ya gyara kuskure in ido ɗaya muke da shi duka. Tauraruwar da muke kira matar wata ta ruɗi mutane ba adadi, har da matuƙa jirgi. Matuƙi gwani ne a tuƙi, amma da dare, in haske ba ya kusa da wani abin da aka san girmansa, shi ma idonsa ba ya iya auna nisa.

Waɗanda suka ce an sace su, ina roƙonka kada ku yi musu dariya, don da yawansu ba ƙarya suke yi ba. Kai ma ka san dannau: mutum ya farka ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, ya ji kamar akwai wani a ɗakin. Likitoci sun san dalilinsa. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan tsayar da gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani, to wani lokaci hankali kan farka kafin jiki ya saku, mafarkin ya biyo shi cikin ɗaki. Kowa kuma da abin da ya taso yana ji yake fassara shi. Ba'amurken da ya girma da fina-finan baƙi masu manyan idanu, su zai gani. Shahararren labarin Beti da Bani Hil ma, ma'aurata Amurkawa da suka ce an sace su a 1961, yawancin bayanin satar ya fito ne bayan fiye da shekara biyu, lokacin da likita ya sa su cikin wani irin barcin sarrafa tunani, hanyar da bincike ya nuna tana iya dasa wa mutum tunawa da abin da bai faru ba.

Na san abokinku zai ce gwamnatoci ne ke ɓoye hujja. Wannan ce ta fi damuna, domin ta toshe ƙofar bincike gaba ɗaya: in an samu hujja ya ci, in ba a samu ba ya ce an ɓoye, nan ma ya ci. Tambaye shi, cikin mutunci, wane abu ne zai gani ya yarda ya yi kuskure. In ya ce kai ka kawo hujjar cewa babu, tuna masa ƙa'idar da kowane alƙali ke bi: mai da'awa ne ke kawo shaida.

Ban ce babu rai a wani wuri a sararin nan mai faɗi ba, wannan tambaya ce daban da cewa sun zo mana. Tauraruwa mafi kusa bayan rana, haske kansa sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya iso daga can, kumbon Voyager 1 kuwa zai ci fiye da shekara 70,000.

Kuma abin da ya zo daga wata duniya da gaske, ana iya tabbatar da shi. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse mai kusan kilo 25 a jihar Agadas. Aka gutsuri kaɗan aka kai ɗakin gwaji, sinadaransa suka nuna daga duniyar Mas ya fito, aka sayar da shi a Niyok a Yulin 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar. Tun 1947 ake labarin jiragen baƙi, amma har yau ba a kai ko ƙusa ɗaya ɗakin gwaji da ta ci irin wannan jarrabawa ba.