Tambaya da Amsa: Wuta Nawa Faifan Sola Zai Ba Ni Kafin Ya Tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sa sola a gida, mai sayarwa ya ce faifan zai kai shekara 25 yana aiki. Gaskiya ne? Kuma a tsawon wannan lokaci, wuta nawa faifai ɗaya mai wat 400 zai ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 25, cewa faifan zai riƙe akalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Faifan sola ba ya mutuwa farat ɗaya, a hankali yake sanyi. Cibiyar binciken makamashi ta NREL a Amurka ta tattara awon fayafai masu yawa a 2012, ta ga raguwar tana kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. A kusa da Lugano ta ƙasar Suwizalan akwai fayafan da aka kafa tun 1982, kuma da aka auna su bayan shekara 35, da yawansu sun haura kashi 80.

To bari mu yi lissafin. Wat 400 ɗin da ke rubuce a bayan faifan an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, faifan kuma yana kan zafin digiri 25. A kan rufi da tsakar rana kuwa, ka ɗora hannu a kansa ka ji, yakan kai digiri 60, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ga asarar wayoyin wuta da ta inbata, na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin ta gida. Shi ya sa nake cire kashi 20 tun farko.

A inda ake samun awa 5 na cikakkiyar rana, faifan zai ba ka kamar yunit 1.6 a wuni, wato kilowat-awa 1.6. A shekara kusan 580. Cikin shekara 25, in ka cire tsufa, zai tashi wajen yunit 13,700. A ƙasashen da gajimare ya yi yawa, masu awa 3 kacal, wajen 8,200 ne kawai.

Amma abin da ya fi damuna, wanda masu saye ba su cika lura da shi ba, shi ne wannan adadin, wutar da faifan zai iya bayarwa ce, ba lallai wadda za ka mora ba. Idan gidanka ba a haɗe yake da layin wuta ba, da zarar batir ya cika da hantsi, kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, za ta rage cajin, ragowar hasken ranar ya tafi a banza. Faifan yana nan lafiya lau, wutar ce ba ta da wurin zuwa. Saboda haka ka mayar da manyan ayyuka, irin su tura ruwa sama da guga da injin wanki, zuwa tsakar rana.

Sannan faifan zai binne sauran kayan. Inbata takan yi shekara 10 zuwa 15. Batir mai ruwa yakan yi 3 zuwa 5, na litiyom kuwa yakan kai 10 ko fiye. Duk watan da ka zauna da mataccen batir, wutar wannan watan ta wuce ke nan.

Ka kula da inuwa ma. Ƙwayoyin faifan a jere suke kamar sarƙa, don haka inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu a kusurwa yakan ja ƙarfin layi guda ƙasa. Ka riƙa wanke ƙura da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, ka bar tazara tsakanin faifan da rufi don iska ta ratsa, kuma ka riƙa rubuta yunit ɗin da inbata ta nuna duk ƙarshen wata, don ka gane da wuri idan wani abu ya fara ja baya.