DVR ko kilawud? Amsa ga Alhaji mai shago da sito

Wa'alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka tun da hantsi ina kan tsani, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da shagon kayan masarufi a Singa da sito a Dawanau, kuma mutum biyu sun kawo maka farashi. Ɗaya ya ce a saka maka kyamarar tsaro 8 da akwatin DVR mai ajiye hoton da suka ɗauka, ɗayan ya ce DVR ya zama tsohon yayi, a saka waɗanda ke tura hoto kilawud, wato ma'ajiyar intanet, ka riƙa gani a waya. Kana so a gaya maka wanda za ka bi.

Haɗa kyamara ce sana'ata shekara 11 ke nan, don haka ka san mai ba ka amsar ma yana da hajarsa. Amma abin da zan faɗa shi zan yi da dukiyar tawa ce.

Bari in fara da kuskuren da na yi da hannuna. Farkon shigata aikin na saka wa wani bawan Allah mai sayar da kayan waya kyamara 4. Na ɗora DVR ɗin a kan kanta, ƙarƙashin talabijin, inda duk wanda ya shigo sayen caja zai ga fitilarsa tana ƙiftawa. Wata bakwai komai lafiya, har yana yabona a wurin abokansa. Ran nan ya kira ni bayan asuba muryarsa tana rawa. Ɓarayi sun ɓalle kwano sun sauko ta silin. Da na je, wayoyi huɗu na tarar suna reto a bango, an yanke su da filaya, ga shatin akwatin a kan ƙurar kanta. Kyamarorin duk sun ga ɓarayin, amma abin da suka gani ya tafi a cikin buhu tare da kayan. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "To Malam, yanzu me na saya ke nan?" Ban da amsa.

Tun ranar, in mutum ya tambaye ni DVR ko kilawud, sai in ce mu bar wannan tukuna, mu fara da washegarin ranar da abin ya faru: hoton yana ina, kuma hannun wa zai iya kaiwa gare shi? DVR, ko ƙaninsa NVR da ke aiki da kyamarorin dijital, yana ajiye komai a faifan da ke cikinsa. Ba ruwansa da intanet, ba ka biyan kowa a wata, kuma dare da rana yake ɗauka. Rauninsa shi ne yana ɗaki ɗaya da kayan da yake gadi. Abin da ya ci kayan zai iya cinsa, ɓarawo ne ko wuta. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san irin wutar da ba ta barin akwatin ƙarfe ma, balle faifai.

To a nan mai kilawud yake da gaskiya. Kilawud ɗin nan ba wani abin mamaki ba ne, kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa, kyamararka tana tura musu hoto ta intanet suna ajiye maka kana biya. Ko an kwashe shagon kaf, abin da ya riga ya tafi ya tafi. Sai dai akwai lissafin da mai sayarwar ba ya yi maka, ni bari in yi.

Kyamara ɗaya mai megafiksel 2, in an saita ta a kan megabit 2 a daƙiƙa, wanda shi ne matsakaicin da za ka gane fuska, tana fitar da kusan giga 21 a kwana ɗaya. Kyamara 8 giga 170 ke nan kullum, a wata ya haura tera 5, wato giga 5,000. Alhaji, wane layi za ka sa wa wannan data? Kuma tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, lissafin ya daɗa nauyi. Ko kuɗin ba matsala ba ne, ana buƙatar layin ya iya tura megabit 16 a daƙiƙa ba tsayawa, ka kuwa san yadda sabis yake a Singa da azahar, lokacin da kowa ke fama da POS. Shi ya sa ƙananan kyamarorin kilawud ba sa tura komai da komai. Sai sun ga motsi suke yanko ɗan gajeren bidiyo su aika. Ga ƙofar gida da daddare wannan ya isa. Ga shagon da motsi ba ya yankewa daga safe zuwa magariba bai isa ba.

Kuma in gaya maka abin da na lura da shi a shekarun nan: yawancin waɗanda ke kirana a duba musu hoto ba fasa shago aka yi musu ba. Ƙirga kaya suka yi suka ga katon 30 na madara ba ya nan, ba su san ranar da ya fita ba. Irin wannan sai an zauna an bi hoton sati biyu ko uku, ana duba lodi ɗaya bayan ɗaya, mota nawa ta shigo, ɗan dako nawa ya fita da me. Guntayen bidiyo na daƙiƙa 20 ba za su ba ka wannan ba. Faifai mai tera 4 a kan wancan lissafin zai riƙe maka kyamara 8 wajen sati uku, in kuma kayan suna da tsarin matse bidiyo na H.265 ya kusa ninkawa.

Sai batun yankewar intanet ɗin kansa. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. A Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Duk wanda kyamararsa ba ta da inda take ajiya sai kilawud, a irin waɗannan ranaku ado ce kawai a bango. Ba ma sai an je can ba. Na taɓa zuwa wani kemis da aka yi wa sata, mai wurin yana da kyamarorin waya-fai uku masu kyau, yana biyan kuɗin wata bai taɓa fashi ba. Ashe yaron shago kullum in zai rufe yana kashe soket ɗin da rawuta, wato na'urar da ke ba kyamarorin intanet, take kai, don a rage wa batir nauyi. Bidiyon ƙarshe da muka samu shi ne na yaron yana miƙa hannu bayan firji.

Kuɗin watan ma ka duba da kyau. Yawanci a kan kowace kyamara ake biya, kuma da dala ake ƙiyasta shi. Wanda ya fara biya kafin Yunin 2023 ya san yadda abin ya koma a naira. Ranar da ka daina biya kuma, ajiyar ta tsaya.

Abin da nake yi wa mutane yanzu gauraye ne, kuma shi nake ba ka shawara. A shago da sito kowanne a saka NVR nasa mai ɗauka ba yankewa. Sannan a zaɓi kyamara biyu, in ya yi yawa uku, waɗanda in an rasa komai su ne za su yi magana: ta bakin ƙofa, ta wurin kuɗi, ta inda ake lodi. Waɗannan a sa musu memori a cikinsu, kuma a saita su daga lokacin rufewa zuwa safe, da sun ga mutum su tura hoto waje, ko kilawud ɗin kamfanin ko imel ɗinka. Datar da wannan zai ci kaɗan ce, ƙaramin layi ya ɗauke ta. Ɓarawon da ya sauko ta silin kafin ya gano inda akwatin yake, fuskarsa ta riga ta iso wayarka. In intanet ya ɗauke, akwati yana aiki. In an ɗauke akwati, memori da abin da aka tura suna nan. Kayan Hikvision da Dahua da suka cika kasuwarmu yawancinsu suna yin wannan, ta manhajar Hik-Connect ko DMSS, ba sai ka nemo wani abu na musamman ba. Mai haɗawar ne dai sau da yawa ba ya zama ya saita, domin saitin yana cin lokaci kuma ba a ganinsa a rasit.

Wurin ɓoye akwatin kuma, don Allah kar a ce silin. Kowa silin yake cewa. Ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Kano, inda ko a inuwa zafi ke haura digiri 40, faifai ba ya shekara. Na sha sauko da akwati daga silin in tarar fankarsa ta toshe da ƙurar hunturu, faifan ya mutu tun watanni, mai shago bai sani ba saboda a talabijin yana ganin hoto kai tsaye ya ɗauka ana ajiyewa. A yi masa akwatin ƙarfe mai huji-huji da kwaɗo, a kafe shi a bango a wurin da iska ke shiga kuma ido ba ya kaiwa. Ni har tsohon DVR da ya lalace nake ɗorawa a kan kanta in soka masa wayoyi, wanda ya zo da niyya ya ɗauka ya tafi da abinsa. Faifan kuma a sayi wanda aka yi don wannan aikin, WD Purple ko Seagate SkyHawk, a buɗe ledarsa a gabanka. Ana cusa wa mutane tsohon faifan kwamfuta a ce sabo ne.

Wuta ita ce ke kashe kowane tsari, na akwati da na kilawud. Kyamara 8 da NVR da rawuta suna jan wajen wat 70 zuwa 80 da daddare, lokacin da fitilun ganin duhu suka kunna. Awa 12 kusan kilowat-awa ɗaya ke nan. Batir mai ruwa na 100Ah ba zai kai ka asuba ba sai ka lalata shi da wuri, ka nemi 200Ah ko litiyom, da sola da za ta cika shi da rana. Layinsu ya zama daban, ba soket ɗin da yaro zai iya kashewa ko ya cire ya sa cajin waya.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan yi mini ciwo, shi ne kalmar sirri. Na'urar Hikvision asusu ɗaya take ɗauruwa da shi a Hik-Connect, sauran mutane sai dai mai asusun ya raba musu. Masu haɗawa da yawa da asusunsu suke ɗaurewa don sauri, sai su raba wa mai shago. Ma'ana shi ne mai kyamarar, kai baƙo ne. Ranar da kuka saɓa, ko ya bar gari, ko ya canja layi, ka shiga wahala, kuma kafin nan yana iya kallon shagonka duk lokacin da ya so. Ka sa a buɗe asusun da lambarka a gabanka, kai ka rubuta kalmar sirrin, kuma kar ta zama 12345 ko lambar wayarka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, akasarinsu kyamarori da DVR, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani. Kilawud ma bai tsira ba. A Maris 2021 an kutsa Verkada, wani kamfanin kyamarorin kilawud na Amurka, aka samu damar kallon kyamarori wajen 150,000, har da na asibitoci da gidajen yari, a 2024 kuma masu amfani da kyamarorin kamfanin Wyze kimanin 13,000 suka ga hotunan kyamarorin da ba nasu ba. Saboda haka in aikin ya kai ga gida, ni iyakata ƙofar waje da katanga da gareji. Tsakar gida inda iyali ke zirga-zirga ba mayafi ba na sa kyamarar da ke fita intanet, ko mai gidan ya nace sai na gaya masa dalili.

Ba na cewa kilawud zalla ba shi da wuri. Mai kyamara ɗaya a ƙofar gida, ko kamfani mai rassa da yawa da intanet na faiba da ma'aikacin da ke kula, ya yi musu. Wanda kuma sitonsa ke ƙauyen da sabis sai an hau tudu, akwati zalla zai saka, ya ɓoye shi da kyau, ya haɗa da ƙararrawa da maigadi. Kai naka a tsakiya yake.

Duk wanda ka ba aikin a cikin mutum biyun, kafin ka cika masa kuɗi ka sa ya yi abu uku kana tsaye: ya zare rawuta ka ga ko ana ci gaba da ɗauka, ya kashe NVR ya wuce ta gaban ƙofa ka ga ko hoto ya shigo wayarka, sannan ya nuna maka yadda za ka fitar da bidiyon jiya a filash da kanka. Kyamarar ƙofa kuma a sauko da ita daidai fuska, yawancin waɗanda nake gani hula kawai suke ɗauka. Bayan nan duk Juma'a ka buɗe hoton daren jiya na minti biyu, ka duba agogon da ke kusurwa ko ya yi daidai, domin ɗan batirin cikin akwatin in ya mutu kwanan wata yana komawa baya, ranar da za ka kai wa 'yan sanda sai a ga shekarar da ba ita ba. A sa yaro ya riƙa share yanar gizo-gizo a bakin kyamara, ita ce ke sa waya ta yi ta ƙara ƙarfe biyun dare har mutum ya gaji ya kashe sanarwar gaba ɗaya.

Ka gaya mini ƙofa nawa sitonka yake da ita, wane layi ne ke kamawa a cikinsa in an rufe ƙofar ƙarfen, da kuma duk kwana nawa kake ƙirga kaya. Da wannan zan faɗa maka girman faifan da adadin kyamarar. Ina zaton ma ba za su kai 8 a siton ba.