Amsa ga Hajiyar da ke tambaya kan bakin teku a tsibirin Skye

Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya da dare, cewa ke da maigida da yara biyu kuna son leƙa tsibirin Skye na Sikotilan a hutun Yuli na kwana uku, kin ga hoton wani farin bakin teku mai ruwa garai-garai, kina tambaya wane wuri ya fi kyau kuma ko yara za su iya tafiyar ƙafar. Na je sau uku, sau biyu da iyali sau ɗaya da abokai, to bari in faɗa miki abin da na gani, a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Da farko dai ki cire hoton nan daga ranki kaɗan. Ba wai ƙarya ba ne, wallahi wurin yana da kyau har ya fi hoton, amma hoto ba ya ɗauko iska kuma ba ya ɗauko sanyi. Ruwan tekun can ko a tsakiyar lokacin zafinsu bai cika wuce digiri 13 zuwa 14 ba, ɗana ya ruga da gudu zai faɗa ciki, ƙafa kawai ya tsoma ya dawo yana ihu. Skye ba wurin shimfiɗa tabarma a kwanta ba ne, tsibiri ne na duwatsu da gangare da tumaki, kuma kusan duk bakin tekun da ya amsa sunansa sai an ajiye mota an taka da ƙafa kafin a gan shi. In kun je da wannan niyyar za ku ji daɗi sosai, in kuma da niyyar wanka ne to gara ku canja tsibiri tun yanzu.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar cikar ruwa da janyewarsa, don nan na sha kunya a zuwana na farko. Teku yana cika ya ja baya sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, wato in yau ruwa ya ja da ƙarfe goma na safe gobe sai wajen sha ɗaya saura. Ni ban san da wannan ba. Na kwaso iyali muka nufi Talisker Bay, na yi ta cika musu baki a mota cewa za su ga yashi baƙi da fari a cakuɗe kamar an yi zane, muka sha wahalar samun wurin ajiye mota don ƙarshen hanyar a matse yake, muka taka wajen minti ashirin zuwa ashirin da biyar ta cikin gona, muna isa sai ga ruwa ya cika maƙil ya shanye yashin gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai manyan duwatsu masu santsi. Uwargida ta dube ni ta ce “wannan ne yashin?” Har yau in muka yi saɓani sai ta tuna min da yashin Talisker. Washegari muka koma bayan na duba jadawalin ruwa a waya, sai ga wurin ya buɗe, yashin nan shimfiɗe da zanensa, ga wani dutse tsaye shi kaɗai cikin teku ta hagu, ga ruwa yana zubowa daga saman gangare ta dama, in iska ta yi ƙarfi ma sai ki ga tana mayar da ruwan sama. Don haka kafin ki tsara komai, ki nemi jadawalin cikar ruwa na garin Portree na kwanakin da za ku je, a intanet yake kyauta, shi zai faɗa miki inda za ku je da safe da inda za ku je da yamma, ba son ranku ba.

Wancan farin da kika gani a hoto kusan na tabbata Coral Beach ne, wanda ke Claigan, arewa da garin Dunvegan. Shi ne ya fi dacewa da yara. Daga wurin ajiye mota bai kai kilomita biyu ba, hanyar ba hawa sosai, sai dai taɓo in an yi ruwa da kuma shanu da za ku iya tararwa kwance a kan hanya, ba ruwansu da kowa, a dai kewaye su kar yara su matsa kusa da maraƙi. Abin mamakin wurin shi ne farin nan ba yashi ba ne kuma ba murjani ba ne duk da sunan (Coral ai murjani ke nan da Turanci), wata irin ciyawar teku ce mai tauri da ke mutuwa ta bushe rana ta mayar da ita fara, in kika ɗiba a hannu za ki ga 'yan gutsattsari kamar ƙananan rassa haɗe da ɓawon dodon koɗi. Akwai ɗan tudu a bayan wurin, ku daure ku hau, minti biyar ne, daga can ne ake ɗaukar hoton da ya ruɗe ki. Akwai kuma ɗan ƙaramin tsibiri a gaba da ake kira Lampay wanda in ruwa ya ja sosai mutane kan taka su tsallaka, ni dai da yara ban yarda ba, don ruwan in zai dawo ba ya sallama. Ku je da sassafe ko bayan ƙarfe shida na yamma, tsakar rana wurin ajiye motar cika yake yi, mutum ya yi tafiyar awa guda ya juyo ba tare da ya sauka ba.

Neist Point kuma wani abu ne daban. Shi ne ƙarshen tsibirin ta yamma, hancin dutse ne da ya kutsa cikin teku da hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kansa wadda aka gina a 1909. Ba yashi a nan, gangare ne tsaye da teku a ƙasa can nesa. Saukar tana da matakala na siminti masu tsayi, sauka ba wuya, dawowar ce ke nuna wa mutum shekarunsa, ni sai da na tsaya sau uku ina yi kamar hoto nake ɗauka. Mafi yawan bakin gangaren ba shinge, kuma iskar wurin tana iya ture babba balle yaro, to in yaranki ƙanana ne masu gudu-gudu ki riƙe hannunsu tun daga mota, in kuma iska ta yi yawa ku tsaya a sama kawai, ta hannun dama da wurin ajiye mota akwai inda ake hango hasumiyar gaba ɗaya, kuma gaskiya kallon daga can ya fi kyau ma. Mun ga tsuntsayen teku suna faɗowa ruwa kamar an harbo kibiya, wasu sun ce sun ga kifin dolfin ranar, mu dai Allah bai nufe mu da gani ba.

Ta gabas akwai An Corran kusa da Staffin, wannan mota na kai ku har bakin ruwa. Yara za su so shi don akwai sawun ƙafar dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare, a kan shimfiɗaɗɗen dutse, na shekaru sama da miliyan 160, mai yatsu uku. Amma kar ki yi musu alkawari, sai ruwa ya ja ake ganinsu kuma lokacin zafi yashi da ciyawar teku kan rufe su, mu mun yi rabin awa muna dube-dube sai wani dattijo da karensa ya nuna mana ɗaya da sandarsa, ashe mun taka ta kai sau biyu. Duwatsun da santsi kamar an shafa sabulu, a kula. A hanyar zuwa za ku wuce Kilt Rock inda ruwa ke faɗowa daga tsayin sama da mita 50 kai tsaye cikin teku, minti goma ya isa, akwai shinge.

Wanda ya fi kwanta min a rai duk tsibirin shi ne Camasunary, amma ban ba ku shawarar sa a wannan zuwan ba sai in yaran sun haura shekara goma kuma sun saba tafiya. Daga Kilmarie ake takawa a haye tudu, sama da kilomita huɗu zuwa kawai, ba shago ba banɗaki ba sabis ɗin waya na kirki, kina gangarowa sai ga fili kore da bakin teku da duwatsun Cuillin baƙi ƙirin tsaye a baya, mafi tsayinsu mita 992. Mun zauna mun fi awa ba wanda ya ce uffan. Akwai wata hanyar daga Elgol da ke bin gefen teku, za ki ga ana yabonta, kar ku bi ta da yara, siririya ce kuma a wasu wuraren a bakin gangare take, ni da abokaina ma da addu'a muka wuce. In kuna son ganin duwatsun ba wahala ku je Elgol ku shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa Loch Coruisk, wani tafki da ke tsakiyar duwatsun, ko ku je Glenbrittle inda yashi ke gindin duwatsun.

Kwana uku kar ku ce sai kun ga duka. Taswira tana yaudara, tsibirin tsawonsa wajen kilomita 80 ne amma yawancin hanyoyin zuwa bakin teku layi ɗaya ne, mota ɗaya ke wucewa, da 'yan wuraren raɓewa a gefe. Ƙa'idar ita ce in wurin raɓewar yana hagunku ku shiga, in yana dama ku tsaya daidai saitinsa a hannunku mai zuwa ya shiga, kuma ba a fakin a ciki don ɗaukar hoto, mutanen garin na jin haushin wannan ƙwarai. Ki faɗa wa maigida in ya ga mota ta matso bayansa ya raɓe ya ba ta hanya, wataƙila nas ce za ta aiki. Da ni ne, rana ɗaya Coral Beach da Neist Point tunda ɓangare ɗaya suke, rana ɗaya Staffin, rana ta uku Talisker ko Glenbrittle, a jujjuya su yadda ruwa da sama suka ba da dama. Shiga tsibirin ba wuya, akwai gada tun 1995 kuma an daina karɓar kuɗin haye ta tun 2004, ko ku hau jirgin ruwa daga Mallaig zuwa Armadale amma shi sai an kama wuri tun da wuri. Masauki ma haka, Yuli fa kowa can ya nufa, in ba ku kama ba ku kama yau.

Kaya kuwa, takalmi mai kama ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, da rigar ruwa mai hula ga kowa, lema ba ta da amfani iska za ta juye ta. Ke Hajiya in doguwar riga ko abaya za ki sa ki sa wando mai kauri a ciki kuma kar ta ja ƙasa, mayafi a ɗaure shi da kyau, na uwargida saura kaɗan ya riga mu zuwa Amurka. Sai mijis, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ba su kai sauro ba amma sun fi shi naci, suna fitowa dubbai da safe da yamma in iska ta kwanta, ku sayi maganin shafawa na can. Da dare ki duba ƙafafun yara da bayan gwiwa saboda kaska, tana cikin dogayen ciyayi inda tumaki da barewa ke bi kuma tana iya sa cuta. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare a farkon Yuli, to ku duba lokutan salla tun kafin ku tashi, kuma ku riƙe abinci a mota don kicin ɗin gidajen abinci da yawa na rufewa tun rana na sama. In wani abu ya faru a bakin teku, Allah ya kiyaye, 999 ake kira a ce a haɗa ku da masu gadin teku.

Ki faɗa min shekarun yaran da kuma garin da za ku kwana, sai in ga ko Neist Point ɗin zai yiwu ko a musanya shi da Glenbrittle.