Zafin hannun ya ragu, ko sai an yi tiyatar?

Tambaya: Likita, ni tela ce, shekarata 46. Hannuna na dama ya daɗe yana sagewa da dare har ya tashe ni, sai na yi ta yarfe shi. An yi mini gwajin jijiya aka ce sai an yi aiki a wuyan hannun. Tsoro ya sa na je wanzami ya yi mini ƙaho. Yanzu zafin ya ragu, sai dai allura tana suɓuce mini. Na warke ne?

Amsa: Hajiya, ba ki warke ba, kuma raguwar zafin nan ce ta fi tayar mini da hankali.

Jijiyar da ke kai saƙo ga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na kusa da shi ce ta matse a wuyan hannunki. Muddin tana zugi, da sauran ƙarfinta. Idan matsin ya daɗe sai ta fara mutuwa, ta daina kai saƙon zafin, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu. Kullum ina ganin haka. A zo mini da hannu duk tabon tsaga, tudun naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa, mace ba ta iya saka maɓalli, ana cewa ai maganin sanyi ya yi aiki. Wane sanyi? Jinin da ƙaho ya zuƙo daga fata bai taɓa abin da ya danne jijiyar ba. Masu cewa tiyata tana shanye hannu kuwa, jinkirin da suke jawowa shi ke shanye shi, don naman da ya riga ya zube ba lalle ya dawo ba ko an yi aikin.

Aikin ƙarami ne. Allurar kashe wuri za a yi miki, idonki biyu, a ɗan tsaga gindin tafin hannu, a yanke igiyar naman da ta rufe jijiyar. Yawanci bai kai rabin awa ba, ki kwana a gida, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Ɗaurin wuyan hannu na dare da allurar rage kumburi na masu sabon ciwo ne, naki ya wuce nan.

A auna miki suga kafin aikin. Ki koma wurin likitan da ya duba ki cikin makon nan, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan kina kusa da Kano, ki tafi da takardar gwajin.