Wane ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe ya dace da shagon gida a Legas?

Malam, ka ce bushin, wato zoben da sanda ke juyawa a cikinsa, da ƙananan sandunan ƙarfe za ka riƙa yi a gida a Agege. To mai girman inci 7 da 14, wato mai ɗaukar ƙarfe har faɗin inci 7 da tsawon inci 14, ya ishe ka, irin Sieg SC3. Nauyinsa wajen kilo 45 ne, ramin sandar da ke juya ƙarfen milimita 20, ƙarfen da ya fi haka kauri ba zai ratsa ta ciki ba.

Fara duba wuta. Na Amurka volt 110 ne, tamu 230, kada ka ɗauko shi don arha. Kuma bod ɗin lantarkin da ke sarrafa gudun injin shi ke fara ƙonewa idan wuta ta yi sama da ƙasa, musamman a janareto, don haka sitabilaiza dole ce.

Masu arha giyarsu ta roba ce, wuƙar sassaƙa na cijewa haƙorin giyar ya karye. Nemi mai bel, ko ka tanadi giyar ƙarfe. Wajen yanka zaren kusa kuwa, inji mai awon milimita za ka zaɓa, ba na inci ba.

Kafin ka biya, girgiza keken wuƙar, wato ɓangaren da ke ɗauke da ita yana zamewa, da hannu. In yana rawa, aiki ba zai fita sumul ba.

Danshin Legas ma ba ya raga wa ƙarfe: shafa mai a gadon injin, inda keken wuƙar ke zamewa, bayan kowane aiki.