Tambayi Likita: Dokar Hana Zubar da Ciki a Jihohin Amurka, Me Ta Canja?

Tambaya: Likita, na ji a rediyo cewa Amurka ta hana zubar da ciki tun 2022. Shin abin ya ragu a ƙasar? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, da ɗan gyara a labarin. Ƙasar ba ta kafa dokar hani ta bai ɗaya ba. Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe da Wade na 1973, wanda ya halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, ta ce kowace jiha ta yi dokarta. Jihohi fiye da goma, irin su Texas, Mississippi da Alabama, suka hana kusan gaba ɗaya. Georgia da Florida suka tsaya a sati shida, lokacin da mata da yawa ba su ma gane sun yi ɓatan wata ba. Illinois da California kuwa suka bar ƙofa a buɗe.

Jimillar ƙasa ba ta ragu ba. Cibiyar Guttmacher, wadda ta daɗe tana wannan ƙidaya, ta lissafa zubar da ciki kusan 930,000 a 2020, sannan sama da miliyan ɗaya a 2023. Sai dai kada a ɗora wa hukuncin kotu duka hawan. Adadin ya kai miliyan 1.6 a 1990, ya yi ta sauka har kusan 860,000 a 2017, daga nan ya fara ɗagowa, shekara biyar kafin kotu ta yi magana.

Tambaya: To yaya za a rufe asibitoci a jihohi da yawa amma adadi ya ƙaru? Ni abin ya ɗaure mini kai. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kaduna.

Amsa: Sista, hanya biyu ce. Ta farko mota da jirgi. A 2023 kimanin mata 170,000 suka tsallaka zuwa wata jiha, ninki biyu na waɗanda suka yi haka a 2020. Illinois, Kansas, New Mexico da North Carolina ne suka fi karɓar baƙi. Wadda ta tashi daga Houston a Texas zuwa Wichita a Kansas ta yi tafiyar kusan kilomita dubu.

Ta biyu ita ce ƙwayoyi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da mifepristone tun 2000, ana haɗa shi da misoprostol a cikin da bai wuce sati goma ba. A 2021 aka janye sharaɗin sai mace ta je asibiti da ƙafarta ta karɓa, sai likita ya riƙa ganin mace ta bidiyo, a aika mata magani ta gidan waya. A 2023 kashi 63 cikin 100 na zubar da ciki ta ƙwaya aka yi. Massachusetts, New York da wasu jihohi kuma sun yi dokar kare likitocinsu da ke aika magani zuwa jihohin da aka hana, kuma ana ta shari'a a kan haka. Wannan sauƙin ya shafi har matan jihohin da ba a hana komai ba, domin ganin likita ta waya ya fi zuwa asibiti araha. Shi ya sa raguwar da aka samu a jihohin da aka hana ta ɓace cikin ƙaruwar sauran wurare.

Tambaya: Ke nan dokar ba ta yi aikin komai ba? Daga wani ɗalibin shari'a a Maiduguri.

Amsa: Ta yi, ɗana, kuma a nan ne nake so masu karatu su tsaya da kyau, don jimillar ƙasa tana ɓoye abubuwa. A jihohin da aka hana, haihuwa ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a kan abin da aka yi tsammani. Mai kuɗin mota da masauki da wanda za ta bar wa yara ta tafi. Matalauciya, da yarinya ƙarama, da wadda ke nesa da kan iyaka, su ne dokar ta tsayar. Wanda ke goyon bayan dokar zai ce ga rayuka an ceto, kuma na fahimci wannan magana sarai, ni ma daga cikin al'ummar da ke girmama ciki na fito.

Amma aikina ya tilasta mini faɗin ɗaya ɓangaren. Bayan dokar sati shida ta Texas ta fara aiki a Satumba 2021, mutuwar jarirai kafin su cika shekara ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100 a jihar a 2022, kuma hawan ya fi yawa a jariran da aka haifa da naƙasar halitta mai tsanani. Akwai cikin da hoto ke nunawa tun wata biyar cewa ɗan ba shi da ƙoda ko ƙoƙon kai. Na tsaya a kan uwayen da suka haifi irin wannan, suka rungume shi na awa biyu. Ba abin da ke saurin fita daga zuciya ba ne.

Tambaya: Likita, ina zaune a Texas da mijina, ina da cikin wata biyu, kuma na taɓa yin ɓari sau biyu. Idan ya sake faruwa, za a ƙi yi mini wankin ciki? Tsoro ya hana ni barci.

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Dokar Texas da kanta ta ce cire ɗan da ya riga ya mutu a ciki, da cire cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ba zubar da ciki ba ne. Inda aka sami matsala shi ne tsaka-tsaki: faya ta fashe a wata huɗu ko biyar, ɗan ba zai rayu ba, amma zuciyarsa na bugawa. Hukuncin likitan da aka kama da laifi yana iya kai wa ɗaurin rai da rai da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, don haka wasu asibitoci suka riƙa jira sai zazzaɓi ya nuna ƙwayar cuta ta shiga. A wurina wannan jiran kuskure ne, domin cutar mahaifa tana shiga jini cikin awoyi. A 2025 majalisar jihar ta yi gyara ta fayyace cewa ba sai mace ta kai bakin mutuwa za a taimake ta ba.

Ki fara awo yanzu, ki tambayi likitarki kai tsaye me asibitinsu ke yi idan faya ta fashe da wuri. Idan kika ga jinin da ke jiƙa ƙunzugu biyu a awa ɗaya, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ki tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta musu su duba ki ko ba ki da inshora.

Tambaya: Na ji wata jiha ta sa misoprostol cikin magunguna masu haɗari. Mu daina amfani da shi? Daga wata ungozoma a Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya. Louisiana ce ta yi haka a Oktoba 2024, kuma likitocin haihuwa na can sun koka, saboda maganin da ake so a hannu idan jini ya ɓalle ya koma cikin akwatin kulle. Maganin bai canja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shi cikin magunguna masu muhimmanci, musamman inda babu firij ɗin ajiye oxytocin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa. Ki ci gaba da ba da shi bayan haihuwa yadda aka koya miki, bayan kin tabbatar babu ɗa na biyu a ciki.