Inci, Santimita da Kewayen Da'ira: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, a kwalin wayata an rubuta inci 6.5, wato kusan santimita 16 da rabi. Da na ɗora rula a fuskarta daga sama zuwa ƙasa, santimita 15 na gani. Anya ba cuta ta aka yi ba?

Amsa: Kwantar da hankalinka, babu wanda ya cuce ka. Lissafinka daidai ne: inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, kamar yadda aka tsayar tun 1959, don haka inci 6.5 ya kama santimita 16.51. Rular ce ka ɗora ba daidai ba. Masu ƙera waya da kwamfuta da talabijin a karkace suke awo, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, kuma wurin da ke haske kaɗai, ban da baƙin gefen nan. Shi ya sa za ka ga wayoyi biyu duk inci 6.5, ɗaya siririya doguwa, ɗaya mai faɗi. In za ka sayi gilashin kariya, faɗi sunan samfurin wayar, kada ka dogara da inci.

Tambaya: Ina so in buga takardar da zan naɗe jikin gwangwani da ita. Faɗin bakinsa santimita 8 ne. Wane tsawo zan saka a kwamfuta?

Amsa: Kewayen da'ira kake nema. Ninka faɗin da lambar nan π (ana kiranta pai), wadda ta kai kusan 3.14, sai ka samu santimita 25.1. Kalkuletar waya na da maɓallinta a ɓangaren lissafin kimiyya, a Excel kuwa, manhajar lissafi ta kwamfuta, rubuta =PI()*8. Amma ka tabbata rular ta ratsa tsakiyar bakin lokacin awo. Ta ɗan goce gefe, faɗin zai ragu, kuskuren kuma ya ninka sau uku da ɗoriya a kewaye. Ni dai na fi yarda da zare: zagaya gwangwanin da shi, ka miƙe shi a kan rula.

Ƙara santimita ɗaya na wurin shafa gam, tsawon ya zama 26.1. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7, sai ka kwantar da ita kafin ta ɗauka. Sannan duba ma'aunin da manhajar da za ka tsara takardar da ita ke kai. Milimita 10 ke yin santimita ɗaya, saboda haka in tana kan milimita, 261 za ka rubuta, ba 26.1 ba.